Matambayi Ba Ya Ɓata

Akwai wata al'ada a makarantunmu wadda ya kamata malamai su dube ta da idon basira. Yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, me ya sa haka?" sai a ce ya cika surutu, ai haka aka rubuta a littafi. Daga nan Surko har Birnin Kudu da Gwaram, da wuya a sami ɗalibin da bai san wannan amsa ba. Ni kuwa ina ganin hasara muke yi, kuma labarin wani saurayin likita na zamanin da shi ne hujjata.

Wajen shekarar 1213 aka haifi Ibn Nafis a ƙasar Sham. Ya koyi aikin likita a asibitin da Sarki Nuruddini ya gina a Dimashƙa, sa'an nan wajen 1236 ya tashi zuwa Alƙahira. A zamanin nan likitoci suna bin maganar Jalinus, masanin Yunanawa, wanda ya ce jini yana ratsawa daga ɗakin dama na zuciya zuwa na hagu ta waɗansu 'yan ƙofofi da ido ba ya gani. Shekara dubu ana karanta haka, har Ibn Sina mai littafin Ƙanun bai ja ba.

To, a 1242, yana da shekara wajen 30, Ibn Nafis ya rubuta sharhi a kan Ƙanun, ya ce sam ba haka ba ne. Bangon da ke tsakanin ɗakunan nan biyu mai kauri ne, ba shi da ƙofa. Jinin dama huhu yake tafiya, ya haɗu da iska, kana ya komo hagu. Gaskiya kuwa tana wajensa. Sai a 1628 William Harvey na Ingila ya bayyana yadda jini ke kewaya dukan jiki. Bayanin Ibn Nafis kuwa mantawa aka yi da shi, har 1924 da wani likita Bamisire, Muhyiddini Tatawi, ya tono shi a ɗakin littattafai na Berlin.

Wani zai ce in aka sakar wa yara baki za su raina na gaba. Ina amsa masa da cewa Ibn Nafis bai raina kowa ba. Sai da ya karance Ƙanun sarai kafin ya gyara shi, ga shi kuma malamin fiƙihu ne a mazhabar Shafi'i. Ashe ladabi da tambaya ba kishiyoyi ba ne.

Saboda haka, ya ku malamai, abin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ran kasuwa ku sayi zuciyar rago wajen mahauta, ku tsaga ta gaban aji, kowane yaro ya taɓa bangon nan da yatsansa. Ku sa su ƙidaya bugun jijiyar hannunsu, su yi gudu, su sake ƙidayawa, sa'an nan ku tambaye su dalili. Wanda ya yi tambayar da ta fi ƙarfinku, ku ce masa, "Bari mu bincika tare." Wannan ba ya rage wa malami girma.

Ga babban asibitin tarayya a Birnin Kudu yana jiran 'ya'yan ƙasar nan su zama likitocinsa. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu gane, amin.