Sana'ar Cikin Gida: Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

Tun daga watan Mayu na 2023, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, tsadar rayuwa ta kai matsayin da albashin mutum ɗaya ko amfanin gona ɗaya ba ya iya riƙe gida. A ƙarshen 2024 hauhawar farashin kaya ta haura kashi 34 cikin ɗari, bisa ga lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da aka ga gidaje masu yawa, birni da ƙauye, sun ƙara dagewa a kan sana'o'in hannu, kamar su ɗinkin hula, da saƙar faifai da tabarma, da saƙar kayan jarirai, da ɗinkin jakunkuna da matasai, domin a sami ɗan abin da za a cike giɓin cefane. Wannan himma abar yabo ce ƙwarai. To, amma akwai tambayar da ta kamata hukuma da jama'a su tsaya su yi wa kansu, watau a aljihun wa ribar wannan wahala take ƙarewa?

Sana'ar cikin gida ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Sa'ad da Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda aka sani da suna Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga birnin sun kai na wuri miliyan 300 a shekara, alhali kuwa a lokacin wuri dubu 50 zuwa 60 sun isa su ciyar da iyali guda shekara sukutum. Abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne, ba a manyan masana'antu ake yin wannan aiki ba kamar yadda ake yi a Turai. A cikin gidaje ake yin sa, mata na kaɗi, maza na saƙa da rini da bugu. Arzikin da ya ɗaukaka sunan Kasuwar Kurmi har bakin tekun Bahar Rum, daga ƙarƙashin mazarin matan aure ya faro.

Fiye da shekara ɗari bayan haka, a 1969, wata masaniya 'yar Ingila mai suna Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta kira hada-hadar da mata ke yi daga cikin gidajensu da sunan ɓoyayyen ciniki. Sunan ya dace, kuma har yau bai daina dacewa ba. Dukiya ce mai yawa take juyawa a bayan katanga, amma da yake ba ta da rumfa, ba ta da rajista, sai masu tsara tattalin arziki su wuce ta kamar ba su gan ta ba.

A ɗauki misalin hula, wadda kusan kowane magidanci a Arewa ke ɗorawa a ka. Kafin hula ta isa kasuwa takan bi ta hannu da yawa. Mai zane ne zai fara fitar da fasalinta a kan ƙyalle, sa'an nan a miƙa wa mai ɗinki, wadda galibi matar aure ce ko budurwa, ta bi zanen da allura da zare, huda bayan huda, a tsakanin girki da raino da sauran hidimar gida. Hula mai cikakken aiki takan ci makonni, wata ma fiye da wata guda. Daga nan a haɗa ta, a kai wa mai wanki ya wanke, ya sa sitaci, ya ɗora ta a kan itace ta ɗauki siffa, kana ta shiga hannun dillali ko mai rumfa. A cikin wannan jeri duka, mai allura ce ta fi kowa ba da lokacinta da hasken idonta, kuma ita ce ta fi kowa ƙarancin rabo. In aka raba ladan ɗinkin da yawan kwanakin da ta yi tana duƙe, sau da yawa abin da zai fito a yini bai kai na kwanon abinci ba. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi.

Dalilan haka a fili suke. Na farko, mai ɗinkin ba ta da jari. Ƙyallen da zaren na attajiri ne, shi ke bayarwa, shi ke yanka lada, ita kuwa ba ta da bakin musu domin akwai maƙwabciyar da za ta karɓa a kan abin da bai kai haka ba. Na biyu, ba ta san kasuwa ba. Ba ta taɓa ganin wanda zai sa hular ba, ba ta kuma san nawa aka sayar masa ba. Na uku, buƙata ba ta jira. Wadda yaronta ke kwance da zazzaɓi, ko Salla ta matso, tilas ta saki kayanta a kan farashin da aka taya. Daɗin daɗawa, ga kwaikwayon da injuna ke bugawa ana shigowa da shi daga waje, wanda ake sayarwa da araha, yana karya darajar aikin hannu a idon wanda bai san bambanci ba.

Duk da haka, allura ta nuna abin da za ta iya. Bayan da 'yan Boko Haram suka mamaye Bama a watan Satumba na 2014, dubban mutanen garin sun gudu Maiduguri ba su da komai sai abin da ke jikinsu. Ɗinkin hular da aka san garinsu da ita ne ya rufa wa da yawa daga cikinsu asiri a zaman gudun hijira. Sana'ar da ta iya ciyar da wanda ya rasa gida da gona, bai kamata a ɗauke ta a matsayin abin rage zaman banza ba.

Ba za a ce gwamnatoci ba su taɓa waiwayar wannan fanni ba. An yi shirin kyautata rayuwar matan karkara na Hajiya Maryam Babangida a 1987. An kafa Bankin Al'umma a 1989 domin ba talakawa rance ba tare da jingina ba, kafin a haɗe shi da bankin manoma a 2000. An kafa hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i a 2003, an kuma raba rancen Naira 10,000 ga ƙananan 'yan kasuwa a 2018. Haka nan jihohi ba su fasa buɗe cibiyoyin koyar da sana'a da rabon kekunan ɗinki ba. Amma yawancin wannan ƙoƙari ya tsaya ne a kan koyarwa da rabo, ya bar ainihin inda ciwon yake. Matar da ta gaji ɗinki daga uwarta da kakarta ba malami take nema ba. Zare mai sauƙi take nema, da mai saye wanda zai biya ta haƙƙin guminta.

Don haka matakin farko shi ne a farfaɗo da ƙungiyoyin gama kai a unguwanni. Ba sai an ƙirƙiro wani sabon abu ba, domin mata sun daɗe da sanin adashi, sun kuma san wadda za su amince wa da kuɗinsu. Idan masu ɗinki talatin suka haɗa kai, za su iya sayen zare da ƙyalle a kan sari, su daina aikin ƙodago, su tsai da farashi guda, su kuma jure riƙe kayansu har kasuwa ta yi kyau. Aikin jami'an gama kai na jiha da na ƙananan hukumomi ne su bi unguwa-unguwa su yi musu rajista kyauta, su koya musu riƙe littafin shiga da fita, maimakon su zauna ofis suna jiran a zo.

Mataki na biyu shi ne kasuwa. Ya kamata kowace ƙaramar hukuma ta keɓe rumfuna a babbar kasuwarta domin waɗannan ƙungiyoyi, a kuma ba su wuri a bajekolin da ake yi a Kaduna da Kano. Ita kanta gwamnati babbar mai saye ce. Tun 2017 akwai umarnin shugaban ƙasa da ya wajabta wa ma'aikatun tarayya fifita kayan gida, kuma babu abin da ya hana jihohi yin koyi, ta yadda kyautar da ake ba manyan baƙi da kayan ƙawata ofisoshi za su fito daga hannun masu sana'ar jihar. Har wa yau, akwai buƙatar wata alama ta shaida da za a liƙa wa aikin hannu na ainihi, mai nuna garin da aka yi shi. Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar Naira 20, ta iya ginin tukwane tun kafin ta shiga cibiyar Michael Cardew a Abuja ta dā, watau Suleja, a 1954. Abin da ta ƙaru da shi a can shi ne sabuwar dabara da hanyar isa ga masu sayen da suka san daraja. Garin Bida ma ya shiga jerin biranen fasahar hannu na hukumar UNESCO a 2021, saboda an san aikin tagulla da na ƙarau da sunansa.

Wayar hannu ta buɗe wata ƙofar da ba a da ita a dā. A yau mace na iya ɗaukar hoton aikinta daga ɗakinta, ta nuna shi a WhatsApp ko Facebook, a turo mata kuɗi, ta aika da kaya ta tasha. Amma sai wadda ta iya karatu da lissafi ce za ta amfana, ta kuma tsira daga mazambata masu turo shaidar biyan kuɗi ta jabu. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a haɗa ajin yaƙi da jahilci da kowace ƙungiya.

Akwai kuma haƙƙi a kan magidanta. A shari'ar Musulunci abin da mace ta samu da hannunta nata ne, ciyarwa kuwa a wuyan miji take. In ta taimaka, alheri ta yi, kuma bai halatta a mai da alherinta wajibi ba. Haka kuma bai kamata ribar faifai ta zama sanadin cire yarinya daga aji a ɗora mata talla ba. Binciken da Enid Schildkrout ta yi a Kano cikin shekarun 1970 ya nuna yadda cinikin matan kulle ya rataya a kan yara. Rumfar ƙungiya da waya suna iya sauke wa yaran wannan kaya.

Su ma masu sana'ar da nasu nauyin. Zaren da ke zuba a wankin farko, da alkawarin Salla da ba a cikawa sai bayan Salla, su ke korar mai saye zuwa ga kayan inji. Mai son a biya shi da daraja, tilas ya yi aiki mai daraja.

Ƙwarewa dai tana nan, masu saye ma suna nan. Abin da ya rage shi ne a gajarta tazarar da ke tsakanin mai allura da mai ɗora hula a ka, domin a bar wa mai wahala rabonta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma alhakin haɗa hannuwan yana kan gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi tun yanzu.