Ba Tafiyar Koci Ce Ta Kayar Da RTU Ba

Na karanta sharhinka, Malam, inda kake cewa duk ƙungiyar da gwarzon kocinta ya tafi sai ta durƙushe, har ka kawo Real Tamale United (RTU) a matsayin shaida, wai daga tafiyar Shaibu Tanko, wanda ya dawo da ita gasar Firimiya ta Ghana a 2021, al'amura suka dagule. Ka bar jaki kana dukan taiki.

Manchester United ka jingina da ita, tunda ba ta sake cin gasar Ingila ba bayan Ferguson ya yi ritaya a 2013. To, Liverpool fa? Klopp ya tafi a 2024, Arne Slot ya ɗauki kofi a 2025. Kano Pillars ma ta ci gasa a 2012 da 2013 a hannun Baba Ganaru, ya tafi, Okey Emordi ya ƙara mata na uku a jere a 2014.

Ciwon RTU na aljihu ne da na shugabanci. A 2024 'yan wasa suka ƙaurace wa fili saboda bashin albashi, aka kwaso waɗansu da ba su da rajista aka sa musu riga, Dreams FC ta zura musu 8-1. Wane koci ne zai horar da mai jin yunwa? Kulob ɗin da ya raini Abedi Pele ne fa wannan!

Masoya ƙwallo a Tamale, ku tambayi shugabannin kulob inda albashin yara ya maƙale.