Ƙurajen Tsuntsayen Keji

Jama'a, damina ta kama, sauro ya yawaita. Shi ne ke yaɗa ƙurajen nan da ke fito wa kanari, aku da kurciya a fatar ido, gindin baki da ƙafafu. Cutar ba ta da magani, amma ba ta kama mutum. Ƙurajen fata sukan bushe cikin makonni. Na maƙogwaro kuwa su ke toshe numfashi har tsuntsu ya mutu, musamman kanari.

Saboda haka mu lulluɓe keji da gidan sauro, mu ware sabon tsuntsu kwana 30, mu wanke mazubin ruwa kullum. Ɓawon da ya faɗo mu ƙona shi, domin ƙwayar cutar takan yi watanni a cikinsa. Tsuntsun da muka raba da daji, amanarsa tana wuyanmu.