Ranar da ruwa ya hana mu hawa lilo, mai rufe ƙofar ce ke da gaskiya

Yau maganar lilo muka zo da ita. Mun san wani zai ce ana fama da kuɗin buhun hatsi, wa yake ta lilo? To ku ɗan yi mana haƙuri ku ji, don duk wanda ya taɓa miƙa wa ɗansa dala ashirin ranar salla ya ce je ka hau, maganar nan tasa ce.

Mu biyar ne, ƴan Nijar da karatu ya haɗa a Faransa. Cikinmu akwai wani ɗan Damagaram da Allah Ya ɗora wa son wani irin lilo da babu shi a garuruwanmu. Jirgi ne ƙarami mai kujeru, yana bin dogo irin na jirgin ƙasa, sai dai dogon nasa a sama yake. A ja ka can ƙololuwa, a sake ka, ka gangaro kamar an jefo ka daga bisa dutse, wani wurin ma ya juya ka kai ƙasa ƙafa sama. Faransawa na kiran shi “tsaunukan Rasha”, don asalinsa tudun ƙanƙara ne da mutanen Rasha ke sulluɓe a kai tun ƙarni na 17. Mu dai jirgin hawa da gangara muke ce masa. Abokin nan namu har ɗan littafi gare shi, yana rubuta kowane wanda ya hau, da tsawonsa da gudunsa. Wasu shayi ne jarabarsu, wasu ƙwallo, shi wannan ne nasa.

Wata Asabar ya matsa mana muka tashi tun da asuba, muka shiga kar zuwa wani babban filin wasa. Kuɗin shiga, in ka juya shi sefa, ya haura jaka 30 kowane mutum. Ga ɗalibi wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuɗin abincin kwanaki ne. Muna isa sama ta yi duhu, yayyafi ya fara. Ba a rufe komi ba. Muka sayi rigunan leda muka hau guda biyu cikin yayyafin, ɗigon ruwa na dukan fuska kamar ana watso maka tsakuwa. Abokinmu sai murna yake, wai ranar ruwa mutane ke gudu, layi ya rage.

Sai muka je ga babban, wanda don shi muka zo. Mun kusa awa guda a tsaye, saura mutum kaɗan a gabanmu, sai aka ji tsawa daga nesa, iska ta taso. Wata yarinya ma'aikaciya, da ƙyar in ta wuce shekara ashirin, ta ja ƙofa ta rufe, ta ce an dakata. Wallahi ranmu ya ɓaci. Ɗaya daga cikinmu ya ce mata jirgi ɗaya kawai, ai ruwan bai ma sauko ba. Ta ce a'a. Ya ce mun biya kuɗi. Ta ce ta sani, amma a'a. Abin mamaki, wanda muka zaci zai fi kowa faɗa, mai littafin nan, shi ya ja mu gefe ya ce ku ƙyale ta, da ta buɗe ni ba zan hau ba.

Muka fake a wata rumfa da shayin leda mai tsada marar daɗi, ya shiga yi mana bayani. Abin da muka ji ranar shi ya sa muke wannan rubutu.

Jirgin nan ba shi da inji a jikinsa. A mafi yawansu sarƙa ce ke jan shi zuwa tudun farko, daga nan nauyinsa ne kawai ke kai shi har ƙarshe. An auna komi da lissafi: gudun da zai samu a gangarar farko dole ya ishe shi hawa tudu na biyu. In iska mai ƙarfi ta tare shi ta gaba, sai gudun ya ragu, ya kasa haye tudun, ya dawo baya ya tsaya a kwari. Birki kuma, irin wanda ke matse ƙarfe, in ya jiƙe riƙonsa na raguwa, kamar yadda duk ɗan kabu-kabu ya san birkin babur cikin ruwa. Sannan uwa uba tsawa. Dogon ƙarfe ne da ya fi komi tsawo a wurin, ga mutane ɗaure a kujera, in abin ya tsaya a sama sai an sauko da su ɗaya-ɗaya ta matakalar ƙarfe.

Ya koya mana lissafi mai sauƙi da kowa zai iya yi ko a gona. Ƙara na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, wato kilomita ɗaya a daƙiƙa uku. In ka ga walƙiya, fara ƙirga. In ka ji tsawar kafin ka kai 30, to ba ta wuce kilomita 10 da kai ba, kuma tana iya faɗowa inda kake. Shawarar masana yanayi ita ce a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin a koma fili.

Muka ce masa ai na'ura ce ke lura da komi a irin waɗannan wurare, me zai faru? Sai ya ba mu labarin Alton Towers na Ingila. Ranar 2 ga Yuni 2015, a jirgin da ake kira The Smiler, an saki wani jirgi ba kowa ciki, iska ta tare shi ya maƙale a tsakiyar hanya. Kwamfuta ta gane akwai abu a kan dogo, ta tsayar da jirgin da ke bayansa mai ɗauke da mutum 16. Ma'aikata suka ɗauka kuskuren na'ura ne, suka tsallake umarninta suka sake shi. Ya je ya buga wa wancan. Ƴan mata biyu aka yanke wa ƙafa. A 2016 kotu ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5. Na'urar ta yi aikinta, mutane ne suka ƙosa a ci gaba.

Faransa ma ba da wayo aka haife ta ba. A watan Agusta 2007, a wani bikin shekara da ake kira Fête des Loges kusa da Pari, wani lilo ya karye, uba da ɗansa suka mutu. Bayan nan ne aka yi dokar 13 ga Fabrairu 2008, wadda ta wajabta binciken kowane lilo kafin ya fara aiki, da sake bincikensa lokaci-lokaci. Sai da aka yi gawa aka rubuta doka.

Bayan kusan awa biyu sama ta washe. Suka fara sakin jirgin ba kowa ciki har sau da yawa, sannan suka buɗe. Mun hau sau ɗaya tak, muka yi ihu har muryoyinmu suka dushe, muka koma gida a jiƙe. Mai littafi ya rubuta nasa.

To, me ya haɗa wannan da mu a nan? Mu ba mu da jirgin hawa da gangara. Amma muna da lilon salla. Duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya san shi: na ƙarfe da masu walda suka haɗa, mai juyawa da kujeru rataye da sarƙa, mai kai yara sama ya dawo da su, wani da hannu ake turawa, wani an jona masa ƙaramin injin wuta, waya kwance a ƙasa an naɗe ta da leda. Kuma ku lura da lokaci. A 2024 da 2025 babbar salla cikin watan Yuni ta faɗo, daidai faɗuwar damina. Babban hutun makaranta shi ma cikin damina yake kowace shekara, lokacin da yara suka fi yawo. Hadarinmu kuma ba yayyafin Turai ba ne. Daga gabas yake tasowa, iska da jar ƙura su riga ruwan isowa, iskar da ke kwashe kwanon ɗaki ta kayar da bishiya. Wanda yake sama kan lilo a wannan lokacin, wa zai sauko da shi?

Tambayar da muke yi ita ce, a filin lilon unguwarku, wa ke da ikon cewa a tsaya? In mai lilon ya ga hadari ya ce yara su sauka, mu iyaye da yayye me muke yi masa? Gaskiya ɗaya ce, yawancinmu abin da muka yi wa yarinyar nan za mu yi masa: mun biya, zagaye ɗaya kawai, ai ruwan bai sauko ba. Mu da kanmu muke koya wa mai lilo cewa taka-tsantsan asara ce.

Mun san abin da masu lilo za su ce, kuma suna da hujja. Kwana uku na salla su ne kasuwarsu ta shekara. Wani bashi ya ci ya sayi ƙarfe. In ya tsaya awa guda, na kusa da shi bai tsaya ba, yaran can za su koma. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa bai kamata a bar abin ga zuciyar mutum ɗaya ba. In doka ce ta kowa, babu wanda zai ci kasuwar wani don ya fi shi ganganci.

Wasu kuma za su ce abin da Allah Ya rubuta ba makawa. Haka ne. Amma ba mu taɓa ganin wanda ya ga hadari ya bar hatsinsa a shanya ya ce ƙaddara ba. Da gudu ake kwashewa. Yaro bai fi hatsi ba?

Abin da muke roƙo bai da tsada. Ma'aikatar magajin gari, da ke ba da wuri tana karɓar kuɗinsa, ta aiko wanda ya san ƙarfe da wanda ya san wuta su duba kowane lilo kafin ranar salla: walda, ƙusoshi, sarƙoƙi, da yadda aka ja waya. A ɗaga waya daga ƙasa, a yi wa injin wuta rumfa. A sa babban mutum a kan kowane lilo, kar a bar wa yaro ɗan shekara goma sha biyu don maigidansa ya tafi cin abinci. A faɗi ƙa'ida a rediyo tun jajibiri, kowa ya ji: an ji tsawa ko iska ta taso, duk lilon filin ya tsaya, sai an yi rabin awa ba tsawa, a gwada shi ba kowa a kai, sannan a ɗora yara. Wanda ya biya bai hau ba, a riƙe masa tikitinsa ya dawo, ko a mai da masa kuɗinsa. In yaro ya san dalarsa ba ta ɓace ba, ba zai yi gardamar sauka ba.

Namu kason mu iyaye shi ne mafi sauƙi kuma mafi wuya. Ranar da mai lilo ya ce a sauka, mu taya shi sauke yara, mu ce masa sannu da aiki. Wanda kuma ya ci gaba da juya yara ana walƙiya, mu janye namu, mu gaya wa mai unguwa.

Har yau in mun haɗu a fada ana shayi, abokan nan sukan tuna ranar, a yi ta dariyar wanda ya yi wa yarinyar nan masifa, shi da ya rufe ido tun daga hawa har sauka. Ba mu san sunanta ba, ba mu ma ce mata mun gode ba. Mun dai koma gida mu biyar kamar yadda muka fito.

Ku faɗa mana a ƙasa, a garinku akwai wanda ke duba lilo kafin salla? Allah Ya tsare mana yaranmu, Ya ba mu damina mai albarka.