WUTA-WUTA BA TA SAN IYAKAR GONA BA

Ya ku dagatai da manoman ƙasar Funtuwa da Malumfashi, ku saurara. In damina ta yi nisa ku kan ga wata ciyawa mai fure ja-ja a gindin dawa da masara. Ita ce wuta-wuta, wadda waɗansu ke kira ƙuduji. Kyanta kyan ɗan maciji ne.

Irinta ƙanƙane ne kamar ƙura, tushe guda kuwa ya kan zub da dubun dubbai. Ya kan kwanta cikin ƙasa shekara 10 ko fiye, ba ya tsira sai ya ji saiwar hatsi kusa. Sa'an nan ya manne mata, ya yi ta shan ruwanta da abincinta tun yana ƙarƙashin ƙasa. Kafin mai gona ya ga fure, dawarsa ta riga ta tsumbure. Ta fi son gonar da ta gaji, watau wadda a ke shuka hatsi kowace shekara, ba taki ba hutu. Tun da aka buɗe shirin raya aikin gona na Funtuwa a 1975 masara ta yawaita a ƙasar nan, ita kuwa ba ta jure wuta-wuta kamar dawa.

A ganinmu wannan ba yaƙin mutum ɗaya ba ne, gama iska da ruwa da kofaton shanu da bakin garma duk suna kai irin gonar maƙwabci. In mutum tara sun cire tasu, na goma ya bar tasa ta zub da iri, ya ɓata wahalar duka. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka ku tumɓuke ta kafin ta yi fure. Wadda ta riga ta yi, ku tara ku ƙone, kada ku yar a kunya. Ku riƙa juya shuka: auduga da gyaɗa da waken soya su kan ruɗi irin ya tsira, ya rasa abin kamawa, ya mutu. Ku kai taki gona. Ku nemi irin masara mai jure ta, wanda masana na Samaru suka fitar.

Dagatai, nauyin nan a wuyanku ya ke. Ku tara masu unguwanni, ku sa ranar gayya, kada a tsallake gonar tsoho ko ta marayu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.