Guzurin Matafiyi Bai Cika Ba Sai Da Shirin Ranar Ciwo

Wanda ya tashi a Darna Sabon Gari, ko Araba, ko Kalmalo, ba ya ɗaukar shiga Ƙonni a matsayin fita ƙasar waje. Harshe ɗaya ne, addini ɗaya, ga auratayya ta ɗinke gidaje. Mutum zai ci kasuwar Illela ranar Lahadi, dare ya yi masa a Nijar. Daga nan wani ya zarce Tawa ko Yamai, wani Agadas, ɗan ci-rani kuma ya nufi Libiya ko Aljeriya. Wannan sabo alheri ne, amma shi ne kuma yake sa mu tafi hannu rabbana. Ana lissafin kuɗin mota da na kaya da cefanen da za a bar wa iyali, ba a lissafin ranar da jiki zai ƙi.

Ranar da ciwo ya kayar da mutum, ranar yake sanin akwai iyaka. Nairar da ke aljihunsa sai an canza ta zuwa sefa. Likita zai rubuta masa magani da Faransanci. Maganin hawan jinin da ya saba sha, wanda launin kwalinsa kawai ya sani, yana iya kasancewa da wani suna a can. Layin wayarsa na iya ɗaukewa. Idan aka ce a mayar da shi gida, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana Sakkwato, tafiyar sama da kilomita 80 daga Illela, kuma sai in ƙofar iyaka a buɗe take. Mun ga an rufe ta a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake garƙame ta har zuwa Maris na 2024. A Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ECOWAS. Mai hankali ba ya jingina ransa da ƙofar da makullinta ke hannun 'yan siyasa.

Shirin farko shi ne rigakafi. Allurar cutar shawara sau ɗaya ake yin ta a rayuwa, kuma katinta yana fara aiki ne bayan kwana 10. Abin takaici, akwai masu sayen katin ba tare da allurar ta taɓa jikinsu ba. Jami'in kan iyaka za ka iya ruɗa, sauro kam ba ya duba kati. Haka sanƙarau, wanda ke tasowa lokacin zafi da ƙura a duk wannan yanki namu: ya yi ɓarna a Nijar a 2015, ya addabi Zamfara da Sakkwato da Katsina a 2017. Saudiyya ma ba ta karɓar alhaji sai da shaidar allurarsa.

Na biyu, mai ciwon suga ko hawan jini ko asma ya ga likita kafin ya tashi, ya ɗauki maganin da zai wuce kwanakin tafiyarsa, a cikin kwalinsa na asali. A rubuta masa takarda ɗaya mai ɗauke da sunansa, ciwonsa, sunan maganinsa, rukunin jininsa da lambar mutum biyu a gida. A aljihun riga za ta zauna, domin wanda ya suma ba ya buɗe waya, ba ya ba da amsa.

Na uku, a ware kuɗin lafiya daban da jari, a canza su tun daga gida. Na huɗu, a san wurin zuwa tun kafin buƙata ta taso. Mai bin hanyar Madawa da Maraɗi ya san akwai asibitin Galmi, wanda ke aiki tun 1950. Kakanninmu fatake ba sa shiga gari sai sun san mai masaukinsu, saboda baƙo ko da ido makaho ne. Yau ga waya a hannun kowa, amma saurayi zai kama hanyar sahara ba wanda ya san inda ya kwana.

Kada kuma a raina zafi da ƙishirwa. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, akasari mata da yara, bayan motocinsu sun lalace. A Hajjin 2024 sama da mutum 1,300 suka rasu cikin tsananin zafi, yawancinsu waɗanda suka shiga ba ta hanyar hukuma ba, babu tanti, babu motar ɗauka. Tafiyar ɓoye tana raba mutum da mai ceto.

Na san za a ce da ni rai da ajali na Allah ne. Haka ne, babu ja. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa ɗaure raƙumi ba ya warware tawakkali. Wanda ya tafi ba shiri ya kwanta a baƙon wuri, ba shi kaɗai ke wahala ba. Iyalinsa ne za su sayar da gona ko akuya don a ɗauko shi.

Ina kira ga shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi a Illela da su buɗe asusun ko-ta-kwana na jinyar 'yan'uwa a hanya, su kuma riƙa rubuta sunan matafiyi da lambar gidansu a tasha. Ƙaramar hukuma ta kawo allurar rigakafi bakin kasuwa ranar Lahadi. Kai kuma mai shirin tafiya, kafin ka ɗaure kaya, ka fara da asibiti. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.