Darasin Gida: Me ya sa yaro ke cewa "borrow me your pen"?

 Yau a kan aikatau na Turanci za mu tsaya, wato kalmomin da ke nuna aiki, don a nan ne yaranmu suke yawan zubar da maki. Kun dai sani, ko yaro ya cinye sauran darussa a WAEC ko NECO, in bai samu kiredit a Turanci ba, batun jami'a sai wata shekara, ga kuɗin jarrabawa da za a sake biya.

Yawanci yaro kan haddace kalma da ma'ana guda: "drink" sha, "hear" ji. Daga nan sai ya kwashi duk kayan da kalmar Hausa ke ɗauka ya ɗora wa ta Turanci. To "sha" ɗinmu jaki ne, ba ya ƙin kaya: a sha ruwa, a sha magani, a sha mangwaro, a sha iska, a sha wahala. Shi kuwa "drink" abu mai ruwa-ruwa kaɗai ya sani. Ƙwayar magani "take" ake yi mata, mangwaro kuma "eat". Haka "ji" yake. Na kunne ne kawai "hear"; ƙamshi ko wari "smell" ne, zafi ko sanyi "feel", gane harshe kuma "understand". Saboda haka wanda ya ce "I hear Hausa" bai faɗi cewa ya iya Hausa ba, ya ce ne tana shiga kunnensa.

Wanda ya fi kama yara, har da manya masu digiri, shi ne na aro. Mu a Hausa abin da aka bayar muke dubawa. In shi kansa za a maido, kamar biro ko tsani, aro ne. In madadinsa za a biya, kamar kuɗi ko kwanon gero, rance ne. Amma da mai bayarwa da mai karɓa kalma ɗaya suke rabawa: "ara mini", "na ara masa", "na aro". Bature bai damu da ko biro ne ko kuɗi ba. Shi tambayarsa ita ce, hannun wa abin ya bari, hannun wa ya shiga? Mai karɓa "borrow" yake yi, kuma kalmar tana tafiya da "from". Mai bayarwa "lend" yake yi. Don haka "ara mini bironka" shi ne "lend me your pen", ko kuma "may I borrow your pen?". Na san "borrow me" ya zama ruwan dare a titi, kowa zai gane ka, amma mai duba takardar jarrabawa jan biro zai sa masa.

"Koya" ma haka take: ɗalibi "learn", malami "teach".

Akwai kuma inda Hausa ke yi wa yaro rana. Duk wanda ya san bambancin "kai" da "kawo" ya riga ya san na "take" da "bring". Ku nuna masa haka, zai riƙe.

Shawarata, a ware masa ɗan littafi guda. Duk aikatau da ya ci karo da shi, kada ya rubuta fassararsa kawai, ya rubuta shi cikin jimloli uku, tare da kalmomin da ke rakiyarsa. Ƙamus irin Oxford Advanced Learner's Dictionary yana kawo misalan jimloli a ƙarƙashin kalma, kuma su ne yara ke tsallakewa, alhali su suka fi fassarar amfani. Uwargida, ko ba ki yi boko mai zurfi ba, kina iya zaunar da shi bayan magariba ki ce ya karanto miki jimlar, ki tambaye shi da Hausa: a nan wa ya bayar, wa ya karɓa? In ya yi inda-inda, ya koma ƙamus.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba "make" da "do", waɗanda mu "yi" guda ta ishe mu a kansu.